Baƙon Gamzaki a Cikin Tulu

Ranar da aka fara jin muryar baƙon Gamzaki a radiyo, wata mai tuya a unguwar Kalley ta Yamai ta bar ƙosanta ya ƙone ƙurmus, hannu na kan kasko, kunne na gidan maƙwabta. Wanda ya jawo mata asarar kuwa Bawa ne, ɗan siririn nan mai faɗin kunne, wanda in ka gamu da shi a hanya ko riƙon akuya ba za ka ba shi ba. Amma a tsayar da shi gaban mikro, ya cusa kai cikin bokitin ƙarfe ya buɗe baki, sai ka rantse ba ɗan Adam ke magana ba.

Wasan kwaikwayo ne na kowace Lahadi da la'asar, labarin wani mutumin ƙarfe da ya sauko a jirgi daga tauraron Gamzaki, inda koguna suka ƙafe, yana neman ruwan da zai kai wa mutanensa. A shekarar ne soja suka karɓi mulki, fari kuma ya kwaso mutanen karkara ya zube su a gefen Yamai. Ba sai an yi wa kowa bayanin wasan ba.

Gari duk na yabon Bawa, ban da mahaifiyarsa. Inna Delu ta iso daga ƙauyensu na ƙasar Tawa a bayan kamyo, babbar motar kaya, ta baro kabarin mijinta da ƙasusuwan shanunsa, ba ta riƙe da komai sai tulunta. Tulun nan ta jingine shi a lungun ɗaki, ta hana a zuba masa ruwan pampo, wai sai na rijiyarsu. In aka kunna radiyo sai ta juya baya.

"Ubanka da muryarsa yake tara garke a bakin rijiya," in ji ta. "Kai kuwa ka sa kai a bokiti kana tsorata yara."

Maganar tana cin Bawa, ba kaɗan ba. Shi ya sa ya ɗora ransa kan kashi na ƙarshe, inda baƙon zai faɗi yadda duniyarsu ta mutu. Ya so ta ji da kunnenta cewa abin da ya same su ya shiga radiyo, kuma ɗanta ne ya shigar da shi.

Ranar ɗaukar wasan sai ga wani kapitan na soja da aka turo duba shirye-shirye. Ya saurari gwajin, ya dubi Ramatu mai tsara wasan.

"Madam, ba fari, ba yunwa, ba mushen shanu. Jama'a sun ga isasshe da idonsu."

"Ranka ya daɗe, ai a wani tauraro ne."

"Na san tauraron. Daga can nake."

Da aka gama yankewa, abin da ya rage wa Bawa layi ɗaya ne tak: baƙon ya kira gida ta na'urarsa, ba wanda ya amsa. Bawa ya gwada a bokiti. Tir! Sai ka ce ana ƙwanƙwasa kwano. Ya roƙi a jira shi, ya hau keke sai Kalley.

"Inna, aron tulunki nake so."

"Wajen wasan naku?"

"In na fasa shi, na bar radiyo."

Ta dube shi. "Ka riƙe shi ta wuya," ta ce, ta kau da kai.

A ɗakin ɗauka Bawa ya durƙusa, ya sa aka sauko da mikro dab da bakin tulun. Ya ja numfashi a ciki tukun, a hankali, har busasshen yumɓun ya mayar masa da shi. Sannan ya yi kira: "Gamzaki, kuna jina?" Kalmomin dai kapitan ya amince da su, amma karin ba a rubuce yake ba. Karin ubansa ne in yana kiran shanu, ya ɗaga a farko, ya ja tsakiya, ya sake shi ya gangara. Ya yi shiru na tsawon lokacin da garke kan ɗauka ya juyo. Ya sake kira, muryar ta ɗan dushe. Na ƙarshe da ƙyar ya kai bakin tulun.

Ramatu ta manta ba ta ba da alamar tsayawa ba. Kapitan ya cire hularsa, ya jujjuya ta, ya mayar.

"Ban ji kalmar da na hana ba," ya ce, ya fita.

Ranar Lahadi tsakar gidansu Bawa ta cika, har da matan sansanin 'yan gudun fari da suka zo gai da Inna. Ita tana bakin ƙofa, baya ga radiyo kamar kullum. Da numfashin nan ya fito, hira ta mutu. Duk macen da ta taɓa leƙa tulu ta tarar da shi wayam ta san wannan ƙara. Da kiran ya biyo baya sai Inna Delu ta juyo gaba ɗaya, ta zuba wa akwatin ido har aka gama.

"Wai wane ne wannan?" wata tsohuwa ta tambaya tana share ido da gefen zane.

"Tuluna ne," in ji Inna. Ta gyara zama, ta ɗaga murya yadda na bayan katanga ma za su ji. "Mai kiran kuma ɗana ne. Ga shi can, mai kunnuwan."

Bawa ya sunkuyar da kai, daɗi kamar ya kashe shi.

Da safe Ramatu ta zo da kanta, wai masu sauraro sun matsa a dawo da baƙon, a taimaka da tulun. Ta tarar da Inna Delu na dawowa daga pampon unguwa, tulun a ka, ruwa na ɗiga mata a kafaɗa. Inna ta sauke shi a inuwa, ta ɗebo a moɗa ta miƙa mata.

"Sha, 'yata. Ki ce musu baƙon ya samu ruwa."