Sunan 'Yar Fari

Benci huɗu Dijatu ta sa kafinta ya yi mata, da allon bango guda, ta kuma goge ɗakin da ke bayan asibitin Azare har daɓen ya fara ƙyalli. Yau mako biyar ke nan babu mai zama a kan bencinan sai wata kaza mai taurin kai da tsofaffin da suka gaji da jiran magani. Tana cikin korar kazar da tsintsiya ne, a hantsin wata Talata ta daminar 1954, ta hangi Fadimatu matar yayanta ta shigo harabar asibitin, tana tafe a hankali kamar wadda ta zo kasuwa ba da niyyar sayen komai ba.

Shekara uku Dijatu ta yi a Kano tana koyon jinya da karɓar haihuwa. Ta dawo da takarda da fararen kaya, da kuma alkawarin Sista, Baturiyar da ke kula da ɗakin mata, cewa in ta samo 'yan mata ko huɗu ne masu karatun boko, za a buɗe musu aji a nan gida. A zuciyarta kuwa tuni ta gama gina makarantar. Ta ga aji ɗaya ya zama biyu, biyu sun zama goma, yara na zuwa daga Shira da Gamawa da ɗaurin kayansu a ka. Sai da ta fara bin gidaje ta san mutanen garinsu. Kowane maigida ya sa mata albarka, ya ce wannan aikin lada ne, sannan ya nuna mata gidan maƙwabcinsa ya ce 'yar can ta fi dacewa. Wani dattijo ma bai wahalar da ita ba, ya ce bai haifi 'ya don ta riƙa kwashe bayan gidan ƙartin da ba ta sani ba.

Suna ɗaya tak ta samu, na Zinatu 'yar yayanta. Shekararta ashirin, ta gama elementare, tana auren wani malamin gona a Jama'are wanda ya amince da bakinsa. Zinatu ta ce da ta yi arba'in za ta zo da jaririnta a goye ta zauna a bencin gaba. A yanzu tana gidan iyayenta goyon ciki, kuma cikin ne ya hana Dijatu sukuni. Kwana goma da suka wuce ta duba ta, ta ji ɗan a gicciye yake. Ta tsaya a tsakar gida ta faɗa da Hausar da ko yaro zai gane, cewa wannan haihuwa ba ta ɗaki ba ce, da ciwo ya taso a aiko mata, ko tana salla ne a jira ta sallame a gaya mata. Tana cikin maganar Fadimatu ta miƙe ta tafi duba tukunyar da ba a ko ɗora ba.

Zinatu ce 'yarta ta fari. Fadimatu kuwa Bafulatana ce daga rugagen Bulkachuwa, inda ake riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Tun ranar suna ba ta taɓa kiran yarinyar da sunanta ba, ba ta taɓa zama da ita a tabarma ɗaya a gaban mutane ba. Da tana ƙarama “waccan” take ce mata, da ta yi aure ta koma “baƙuwar Jama'are”. Matan unguwa har misali suke yi da ita in za su yi wa 'ya'yansu faɗa.

* * *

Gaisuwa ta yi tsawo, yadda ta saba. Fadimatu ta zauna a bakin baranda cikin matan da ke jiran magani, waɗanda rabinsu 'yan unguwarsu ne. Ta tambayi kwana, ta tambayi aiki, ta tambayi lafiyar Baturiya, ta yi zancen ruwan da ya rushe musu katangar baya. Dijatu na wanke wa wata tsohuwa gyambo ta tambaye ta yaya Zinatu. Fadimatu ta kawar da kai gefe ta ce mutanen gida suna nan.

Wannan kawar da kai Dijatu ta gan shi ya fi sau dubu, don haka ba ta karanta komai a ciki ba. Ta ja tsaki a ranta, ta ci gaba da aikinta.

A gabansu direba ya gama ɗaure akwatunan magani a bayan mota. Likita ya fito, shi kaɗai ne mai iya yin aiki da wuƙa a duk ƙasar Katagum, zai tafi rangadin kwana biyu wajen Gololo. Ya ɗaga wa Dijatu hannu, ta ɗaga masa. Fadimatu ta bi motar da ido har ta fita ƙofa. Ta buɗe baki, ta dubi matan da ke gefenta, ta mayar da shi ta rufe.

Sai da rana ta kusa tsaka, baranda ta ragu, sannan ta matso ta tambaya ƙasa-ƙasa ko akwai maganin ciwon mara. Dijatu ta ce na wa? Ta ce na wata ce. A nan ne Dijatu ta dube ta sosai. Matar da ba ta fita ko ƙofar gida sai ta gyara ɗaurinta, yau zanenta a baibai yake, ƙafarta ba takalmi, idanunta sun faɗa kamar wadda ta tashi daga jinya. Dijatu ta ajiye kwanon da ke hannunta, ta kama ta a wuyan hannu, ta ja ta cikin ajin nan da babu kowa, ta tura ƙofa.

“Yaya, tun yaushe?”

Fadimatu ta dubi allon bango.

“Babu kowa a nan sai ni da ke da Allah. Tun yaushe take naƙuda?”

“Tun Asabar,” in ji ta.

Dijatu ta ji kamar ta ɗora hannu a ka. Asabar, Lahadi, Litinin, ga Talata ta raba. Matar nan ta taso da ƙafarta, ta zo har inda taimako yake, ta zauna taku goma daga likita, ta yi zancen katanga har ya shiga mota. Akwai maganganu da yawa a bakin Dijatu, kuma ba ko ɗaya da ta dace a faɗa wa matar yaya. Ta haɗiye su, ta ɗauki jakarta, ta ce wa leburori biyu su biyo ta da gadon ɗaukar marar lafiya.

* * *

A zaure ta tarar da yayanta Malam Jumare da carbi a hannu. Ta ce za ta tafi da Zinatu asibiti yanzu. Shi ma 'yar farinsa ce, don haka ya dubi rufin zaure ya ce wannan sha'ani ne na mata, su suka fi sani. Ba ta tsaya jin sauran ba.

Ɗakin a rufe yake ruf, hayaƙin turare ya cika shi har ido na yaji. Ya Gana, tsohuwar ungozomar unguwa, Babarbariya wadda ta yanke cibiyar rabin mutanen Azare, tana zaune a gefe da ƙoƙon rubutu. Ba muguwa ba ce. Ta yi duk abin da ta gada, ta yi jiƙo, ta yi tofi, jiya kuma da ta ga hanya ta ƙi, ta sa aska ta yi yankan gishiri. Ta tari Dijatu da yabo, wai ta karɓi haihuwa shekara arba'in ba ta ga yarinya mai dauriya irin wannan ba, kwana uku ko tari ba a ji daga ɗakin nan ba.

Dijatu ta yaye labulen ƙofa don haske ya shigo. Zinatu na durƙushe ta jingina da bango, da tsumma a tsakanin haƙoranta. Jikinta zafi rau, leɓɓanta sun tsage. Da Dijatu ta duba sai ta ga hannun jariri ya fito, ya kumbura, ya yi baƙi. Ta san ɗan ya riga ya tafi, saura uwar.

Ta zare tsumman a hankali. Zinatu ta buɗe ido ta gane ta.

“Goggo,” ta ce, muryar da ƙyar take fita, “ban yi kuka ba.”

“Na sani,” in ji Dijatu. “Da ma kin yi.”

Da suka fito da ita matan maƙwabta sun cika tsakar gida, kowacce da shawararta. Wata ta ce a ƙara jiran la'asar, ai haihuwa lokaci ce. Fadimatu na bakin madafa ta ba gadon baya, tana tankaɗen garin da ta riga ta tankaɗe.

A asibiti Sista ta duba, ta dubi Dijatu. Mahaifa ta riga ta fashe, aikin kuma ba nasu ba ne, na likita ne. Aka tashi masinja a kan keke ya bi hanyar Gololo, hanyar da ruwan jiya ya mayar taɓo. Suka yi abin da hannunsu zai iya, suka yi allura, suka tsare jini, suka riƙa jiƙa mata leɓe da auduga. Dijatu na riƙe da hannunta tana ƙirga bugun jini, tana jin yana sirancewa kamar zare. Ana kiran sallar la'asar ta daina jin sa.

* * *

Dijatu da Ya Gana ne suka yi mata wanka a ɗakin da ta yi naƙudar. Ta bayan labule Dijatu na jin matan da suka taru a tsakar gida. Tun ba a ɗauki gawa ba an gama shari'a. Yarinya ta kwana uku a ɗakin uwarta da ranta, an kai ta asibiti ko yini ba ta yi ba. Wata ta ce dama wa ya taɓa shiga wurin nan a kan gado ya fito da ƙafarsa? Wata ta ce kuma a haka ake bin gidaje ana neman a ba da yara su koyi aikin, ita kam ko an ɗaure ta ba za ta ba da tata ba. Daga nan zance ya koma kan Fadimatu. Kun ga mace, in ji su, ko ɗigon hawaye babu, tana ta ba baƙi ruwa kamar ba a gidanta aka yi ba. Irin wannan tarbiyya ta ƙare a zamanin nan.

Haushi ya kama Dijatu. Ta so ta fita ta gaya musu ƙarfe nawa motar likita ta tashi, da wadda ke zaune a baranda a lokacin. Ta so ta tambaye su wa ya koya wa yarinyar nan cusa tsumma a baki. Amma ta san abin da za a ce, boko ya cire mata kunya, kuma gobe a ƙara rufe mata wasu ƙofofin.

Ya Gana ta fita karɓo likkafani. Jim kaɗan labule ya motsa, Fadimatu ta shigo da tulun ruwa, ko da yake ruwan da ke ɗakin bai ƙare ba. Ta ajiye shi a bakin ƙofa. Ta waiga ta tabbata labulen ya koma daidai, sannan ta tako ta durƙusa a gefen tabarmar. Dijatu ta ƙi kallon ta. Ta riga ta shirya abin da za ta faɗa mata, kalma bayan kalma.

Fadimatu ta miƙa hannu ta gyara wa 'yarta wani kitso da ya kwanto a goshi. Ta daɗe hannun na wurin. Leɓɓanta suka motsa, suka sake motsawa, ba abin da ya fito. A waje wata ta yi gyaran murya, ta yi sauri ta janye hannun ta ɓoye a cikin zane.

“Dije,” ta ce da raɗa, idonta a ƙasa. “Kira min ita.”

Dijatu ta juyo.

“Da sunanta. Ni bakina bai saba ba.”

Duk maganar da Dijatu ta shirya ta bi iska. Ta sunkuya daidai kunnen yarinyar, ta kira ta a hankali, yadda ake tashin mai barci.

“Zinatu.”

Fadimatu ta karkata kai, ta yi shiru tana saurare, har aka ji takun Ya Gana na dawowa. Sai ta miƙe, ta ɗauki tulun da ruwansa, ta fita ba baƙi ruwa.