Ƙotar Wuƙar Bafulatani

Duk wanda ya san layin masu turare a Kasuwar Gombe ya san Babakura, ya kuma san 'yar wuƙarsa ta aljihu, don ba ya barin mutum ya wuce bai gan ta ba. Da ita yake fere itacen sandal ya miƙa wa mai saye ya sunsuna. Amma kafin ya buɗe ta sai ya ɗaga ta sama, ya juya ƙotar a hasken rana, kamar wanda aka ce masa za a ɗauki hoto.

Tare suka sayi wuƙaƙen da maƙwabcinsa Bamanga, Bafulatanin da ke sayar da igiya da kanwar dabbobi a rumfar da ke jingine da tasa. Iri ɗaya ne, ƙotar katako fari. Babakura ya kai tasa wurin kafinta aka goge da samfefa, aka zuba mata banish har tana ɗaukar ido, santsi kamar bayan faranti. Shi kuwa Bamanga sai ya kankare tasa da bakin kwalba, ya bar ta da kaushinta, kullum yana murza mata man shanu. Ta yi duhu, ta dushe, ba kyan gani ko kaɗan, amma in ta shiga hannu sai ta zauna daram.

To, Babarbare da Bafulatani, ga kuma abin musu ya samu. Shekara da shekaru ana abu ɗaya.

"Fulata, ɗauke wannan abin daga kusa da kayana," in ji Babakura. "Wuƙa ce ko ƙwaryar nono? Ƙuda ma ya san hanyar aljihunka."

"Taka ai ta amare ce," in ji Bamanga. "A sa ta a kabet a riƙa kallo. Ranar da gumi ya kama ka za ka ba da labari."

Abin da Bamanga bai ji daga bakin Babakura ba shi ne, tun bara duniya ta fara yi masa hazo. Fuskar mutum sai ta matso sosai yake rabe ta. Bai gaya wa kowa ba, saboda ya san 'yarsa Yagana. Malamar makaranta ce, a gidanta yake zaune a Kumbiya-Kumbiya, kuma ta daɗe tana cewa ya isa hutu. Hutu! Mutumin da rikici ya raba da shagonsa na Bama, ya zo Gombe da rigar jikinsa, ya fara daga tire har ya kai ga rumfa, shi za a ce ya zauna a zaure yana jin rediyo? Tsoron wannan zaman ya fi tsoron makantar damunsa.

Ana cikin zafin bazara abin da Bamanga ya yi ta faɗa ya faru. Hannu ya jiƙe da gumi da man turare, ido bai ga inda kaifi ya dosa ba, ƙota mai santsi ta sulɓe, sai ga jini a babban yatsa. Babakura ya ɗaure da tsumma ya ce ƙusa ce. Washegari, da Bamanga ya tafi alwala ya bar wuƙarsa a kan benci, sai Babakura ya lalubo ta don ya gwada kawai. Kai! Ashe haka abin yake? Kaushin nan ya kama tafin hannunsa, yatsunsa suka san inda kaifi yake ba sai ido ya gaya musu ba. Ya jefa ta aljihu, ya ajiye tasa a wurin.

Bamanga ya dawo, ya ɗauki mai ƙyallin, ya juya ta, ya yanka igiyarsa da ita. Ya ci gaba da cinikinsa kamar tasa ce a hannunsa. Babakura kuwa sai ya daina ɗaga wuƙa a rana.

Ranar wata Asabar sai ga Yagana da kanta, wai ta zo sayen kayan miya ta biyo. Ta gaida Bamanga, ta zauna a bakin rumfa tana kallon mahaifinta yana fere wa wata mata sandal. Da matar ta tafi sai ta ce, "Baba, wuƙar wa ke hannunka?"

"Tawa mana."

"Taka mai ƙyalli ce. Ga ta can a gaban Bappa Bamanga." Muryarta ta sauka. "Shekaranjiya ka gaida maƙwabcinmu Aji da sunan ƙaninsa. Yau kuma ka ɗauki wuƙar wani ba ka sani ba. Baba, idon nan ba lafiya. Daga yau ka gama kasuwa."

Babakura ya murza ƙotar da ke hannunsa. Hanya biyu ce a gabansa, kuma kowacce da ɗacinta. Ko ya yarda bai gani ba, a kai shi zaure, ko ya faɗi dalilin da ya sa ya ɗauka, a gaban masu turare da masu dako da suka fara rage tafiya suna kasa kunne. Ya ji Bamanga ya gyara zama, munafukin Allah, har da ɗan tari.

"Da sanina na ɗauka," in ji shi.

"Saboda me?"

"Saboda..." Ya share goshi. "Saboda ta fi tawa."

"Ban ji ba," in ji Bamanga. "Kunnen nan nawa sai a hankali. Me ta yi?"

"Ta fi tawa, na ce! Banish kwalliya ce kawai, in hannu ya jiƙe sai ta gudu. Man shanu shiga cikin itace yake yi, ya bar masa kaushinsa. Ƙotar Bafulatani ta fi ta Babarbare. Ka ji daɗi?"

Wayyo, zo ka ga Bamanga! Tsoho da furfura ya miƙe yana taka rawa da igiya a wuya, yana kiran mutanen layi ɗaya bayan ɗaya su zo su shaida. Wani mai dako ya ce a maimaita, bai iso da wuri ba. Aka yi ta dariya, har mai shayi ya leƙo. Babakura ya sunkuyar da kai yana fere itacen da ba wanda ya ce ya fere, kunya kamar ya nutse, amma can cikin ransa yana murna. Rumfa dai ta tsira.

Yagana ta ce, "To shi ke nan, Baba. Sai ka dawo." Ya ji ƙarar ledarta, ya ga kamar mayafinta ya shige cikin sauran launukan da ke wucewa.

Da hayaniya ta lafa sai ya karkata wajen Bamanga, ya rage murya. "Fulata, ta tafi?"

Bamanga ya waiga gefen rumfa. "Ta tafi," in ji shi, da wata irin murya da ba tasa ba.

Sai iska ta kaɗo daga gefen rumfa, ta kawo masa ƙamshin turaren humra. Shi ya haɗa ta da hannunsa, kuma mutum ɗaya ya ba wa a duk garin Gombe. Ashe Yagana tana nan tsaye, kusa da shi ƙwarai, ya dube ta bai gan ta ba.

Sai ya yi magana yana fuskantar Bamanga, kamar da shi kaɗai yake. "Yanar ido ce ta rufe min gani, tun bara. Amma wallahi in aka zaunar da ni a gida, ba zan kai baɗi ba."

Ya ji an ja hanci a gefensa. Yagana ta durƙusa ta riƙe gwiwarsa.

"Baba, yanar ido ai cire ta ake yi. Jibi za mu asibiti. In an gama, ni da kaina zan rako ka rumfar nan, in ka ga dama ka kwana a ciki."

Babakura ya juya maganar a zuciyarsa. Can sai ya ɗago, ransa a ɓace.

"Wato a banza na yabi Bafulatani a gaban jama'a?"

"A banza?" in ji Bamanga, yana goge ido da bakin rawaninsa. "Ai layin nan kaf an ji. Kuma ka yi sauri ka warke, don ina so ka ga fuskata ranar da zan sa ka maimaita."