Kafaɗar Ɗan'azumi

Saura mako uku a tafi kokowar Takobi, babbar gasar ƙasa, lokacin da Alkasum ya gane cewa kafaɗar Ɗan'azumi ba lafiya ba. A wajen alwala ya gani. Yaron ya ɗebi ruwa zai shafi kai, hannun dama ya tsaya a daidai kunne, sai ya sunkuyar da kan ya tarbi hannun.

Alkasum tsohon ɗan kokowa ne, shekara tara ke nan yana horar da ƙungiyar Damagaram. Mutum goma sha biyu ke sansani a Zinder, goma ne za su tafi. Ɗan'azumi ɗan garin Dogo ne, shekararsa goma sha tara, bai taɓa faɗuwa a filin ƙauye ba. Bara Alkasum ya kawo shi birni, ya ga jikinsa bai cika ba, ya mayar da shi. Bana ya sake kiransa, har makaɗa sun fara saka sunansa a kiɗa.

Bayan salla ya ja shi gefe.

"Ɗaga hannunka sama."

"Baba, gajiya ce kawai."

"Ɗaga."

Yaron ya ɗaga da ƙyar. Alkasum ya danna babban yatsa a ƙasan ƙashin kafaɗar, Ɗan'azumi ya durƙusa.

"Ka koma Dogo. Wata biyu kada ka kama kowa. Bayan haka ka shiga ƙananan kokowar kasuwa, ni zan zo in duba ka. Mahamud na Takieta zai hau gurbinka."

"Sau biyu ke nan, Baba. Da wane ido zan shiga gari?"

"Da idon mai hannu biyu."

Ɗan'azumi ya tattara walkinsa da layunsa ya fita. Amma bai je tasha ba. Unguwar Kara-Kara ya nufa, wajen wansa Salisu, mai ɗaga ƙarfe da tara samari a ƙofar gida.

Washegari da hantsi ana cikin horo, babura huɗu suka shigo har kan yashi. Mutum bakwai suka sauka. Salisu na gaba, riga a buɗe, Ɗan'azumi na bayansa kai a ƙasa. Alkasum ya lura da yadda rigunan mutum biyu daga cikinsu suka tsaya ƙiƙam a baya, ya san adda ce a ciki.

"Tsoho, an ce ka kori ƙanena don ka sa ɗan garin matarka."

"Matata 'yar Mirya ce. Ƙanenka kafaɗa ke gare shi. Ku fitar da baburan nan daga fili."

"To a gwada su. Wanda ya faɗi ya koma gida."

"Ba za a gwada ba."

Yana rufe baki Ɗan'azumi ya cire riga ya ruga. Mahamud na tsaye yana shan ruwa a buta. Bai yi tunani ba, jikinsa ne ya yi abin da aka koya masa: ya kauce, ya cafke hannun da ya zo masa, ya juya ƙugu ya yi sama da mai shi. Alkasum ya ji ƙarar tun kafin yaron ya taɓa ƙasa, ƙas, kamar an karya karan dawa. Ɗan'azumi ya kwanta a yashi, hannun ya juye ta inda hannu ba ya juyawa, bakinsa a buɗe ba sauti.

Salisu ya zaro adda.

Mahamud ya sunkuya zai ɗaga wanda ya kayar, bai ga abin da ke zuwa kan wuyansa ba. Alkasum ya tura shi da kafaɗa, ya tare addar da hannun hagu. Bai ji zafi ba da farko. Ya dai ga yatsunsa biyu a kan yashi, jini na tsartuwa a gaban rigar Salisu. Da hannun da ya rage ya kama maƙogwaron Salisu, ya sa masa ƙafa, suka zube tare, shi a sama. Ya buga masa goshi a hanci sau biyu, hancin ya baje.

Fili ya rikice. 'Yan kokowa suka afka wa samarin. Tanimu, mafi nauyi a ƙungiyar, ya ɗaga ɗaya ya maka shi a kan babur, tankin ya fashe, warin mai ya tashi. Wani ya sari Mahamud a cinya. Kyari makaɗi ya fasa gangarsa a kan mai saran, ya ci gaba da dukansa da guntun icen har sai da aka janye shi. Ɗaya daga cikin samarin ya gudu da kunne a tsage, yana riƙe da shi. Alkasum na zaune a ƙirjin Salisu, yana ihu a bar su haka, amma ba mai jinsa. Sai da motar jandarma ta shigo sannan hannuwa suka sauka.

Su huɗu aka kwantar a ɗaki ɗaya a asibiti. Lokotoro ya duba hoton kafaɗar ya ce jijiyar ta tsinke, hannun zai yi aikin gona, amma ba zai ƙara ɗaga mutum ba. Cinyar Mahamud ta sha ɗinki goma sha shida. An dakatar da Tanimu. Salisu ya samu ɗaurin shekara biyar. Damagaram ta tafi Takobi da mutum tara da wani guda da aka ɗauko daga ƙauye a gurguje, Alkasum kuma ya saurara ta rediyo.

Bayan damina ya shiga mota ya je Dogo. Larai, uwar yaran, ba ta fito ba. Daga bayan zana ta amsa sallamarsa.

"Malam, ɗaya na gidan kaso, ɗaya ba ya iya ɗaura wa jaki kaya. Me ya rage da ka zo ɗauka?"

"Ba komai, Inna. Gaisuwa na zo."

"Ka gaisa."

Ya juya. Ya kusa bakin hanya ya ji taku a bayansa. Ɗan'azumi ne, ya rame, ya yi baƙi, ƙullin gyaɗa a hannun hagu. Suka tsaya a inuwar itacen bedi suna jiran mota, ba wanda ya dubi hannun ɗan'uwansa.

"Mahamud yana tafiya?"

"Yana ɗingishi. Ya koma ɗinki wajen kawunsa."

Yaron ya shiga haƙa ƙasa da ɗan yatsan ƙafa.

"Ka ce masa ban san Yaya ya ɗauko adda ba."

"Kai za ka gaya masa. Ranar kasuwar Takieta yana shago."

Mota ta tsaya cike da buhuna da awaki, Alkasum ya shiga. Ɗan'azumi ya miƙa masa gyaɗar ta taga, direba ya ja.