Tsatsar da Ba Ta Damun Kowa

Cibiyoyi huɗu suka haɗa kai za su binciki tsatsar da ke cin bututun ruwa, amma wata shida an kasa raba kuɗin aikin. Sai aka ɗauko Malamar Lissafi.

Ta ce abin mai sauƙi ne: kowa ya rubuta yawan amfanin da zai samu, kwamfuta ta fitar da rabo mafi adalci, mai cin moriya da yawa ya biya da yawa.

Shugaban jami'a, wanda shi ya kawo shawarar binciken, ya cire tabarau ya ce, "Mu ai taimako kawai muka zo yi." Ya rubuta sifili. Manajan kamfanin ruwa, da bututunsa ke yoyo har ƙofar ɗakin taron, ya rantse tsatsa ba ta taɓa damunsa ba. Sauran biyun suka leƙa takardunsu suka kwafa.

Malama ta shigar da sifili huɗu.

"Ranku ya daɗe, ba mai biyan ko sisi," in ji ta. Aka yi tafi. "Sai dai da wannan lissafin za a jera sunaye a bangon rahoto. Mai sifili sunansa ba ya hawa."

Shugaban jami'a ya mayar da tabarau, ya miƙa hannu.

"'Yata, miƙo takardar nan. Kamar na manta ban sa tara kafin sifilin ba."