Kasuwar da Babu Albarka

Jiya da dare Jazuli mai buga riguna ya yi wani mafarki, kuma tun da gari ya waye bai bar kowa ya huta ba a layinmu, har ni da ban tambaye shi ba.

Wai sai ya gan shi a cikin wayarsa, a tsakiyar kasuwar intanet ɗin nan da yake saka hotunan rigunansa da kofuna masu rubutu. Sararin sama gilashi ne, da tsagewa a kusurwar hagu, daidai inda wayar ta taɓa fashewa. Rumfuna kuwa ɗaya kan ɗaya suke. Jifa-jifa wani ƙaton babban yatsa kan sauko ya ture su gaba ɗaya, sai ka ga maƙwabcinka ya yi sama da rumfarsa yana ɗaga maka hannu. Babu wanda abin ya dama.

A gefensa wata tsohuwa ce tsaye da goyo, tana tari irin na babur da ya kwana a sanyi.

"Iya, wa kike nema?" in ji Jazuli.

"Kai nake bi," ta ce. "Ni ce Uwar Kuɗi. Babur ɗinka da ka sayar ka sayi injin buga riga, ai ni ce. Wannan ta bayana Riba ce. In ka fitar da mu ta ƙofar can, mun zama naka. In ka kasa, ka koma gida ba uwa ba riba."

Ya leƙa goyon. Riba jaririya ce ɓul-ɓul, kumatu kamar an hura. Ransa ya yi fari tas, ya kuma riƙe hannun tsohuwar gam, don ban da ita ba shi da ko allura a duniya.

Yatsan ya sauko ya taɓa wata shuɗiyar riga cikin rigunan Jazuli. Aka ce an saya. Rigar ta sauko daga kan igiya da kanta, ta yi musu sallama ta wuce.

Sai ga su gaban wani tebur. Ƙadangare ne a zaune da jar hula, yana ta gyaɗa kai.

"La'ada," ya ce.

"Ranka ya daɗe, wane aiki ka yi?"

"Na kalli cinikin."

Ya zaro cokali daga aljihu ya ɗebi kumatun Riba kamar mai ɗiban man shanu. Yarinyar ko motsi ba ta yi ba, da alama ta saba.

Gaba kaɗan zakara ya tare su da nasa cokalin, wai kuɗin talla. Jazuli ya ce shi bai ji cara ba. Zakara ya ce a zuci ya yi, kuma mutane da yawa sun kusa ji.

Sai tasha. Kunkuru ne direba, yana goge madubi.

"Kuɗin aike."

"Mai sayen a ina yake?"

"Ga shi nan bayanka. Amma ƙa'ida ce sai kaya sun je Legas sun huta tukuna."

Da kunkuru ya gama ɗiban nasa, Riba ta koma kamar ƙwayar gyaɗa. Iya ta kwance goyon, ta ƙulle ta a bakin zane.

Ana haka sai ga shuɗiyar rigar ta dawo a ƙasa, duk ta yi ƙura, tana riƙe da tauraro guda ɗaya tal, makin da mai saye ya ba ta.

"An mayar da ni," ta ce. "Wai shuɗina bai kai na hoto ba. Kuma kuɗin motar dawowa a kanka."

Iya ta kwance bakin zane don a biya. Wata kaza da ke wucewa, wadda aka ce ma'aikaciyar banki ce, ta tsince Riba ta haɗiye, ta ce an gode da hulɗa.

Yanzu ƙofar fita na gabansu, amma yatsan ya tokare ta. Ya nuna wa Jazuli rumfunan da ke sama. A kowace akwai wani Jazuli, da irin rigunansa, da irin rubutunsa har kuskuren harafin da ya taɓa yi, kuma kowanne ya fi na ƙasansa araha. Na can ƙoli ma shi ke biyan masu saye.

"Ka rage," in ji yatsan.

To, Jazuli ɗan kasuwa ne gaba da baya, a gindin teburin mahaifinsa ya tashi a Funtuwa. Ya san in aka yi maka tayin da bai kai ba, kalma ɗaya kake faɗa, albarka, sai mai saye ya ƙara ko ya yi gaba, kowa da mutuncinsa. Ya buɗe baki zai faɗa, iska kawai ta fito.

"Kada ka wahalar da kanka," in ji ƙadangare, wanda ya biyo su da teburinsa a ka. "Babu albarka a manhajar nan. Maɓalli biyu ne: Na yarda, da Na yarda ƙwarai."

Cokula suka fito. Da yake babu sauran Riba, sai suka juya kan Iya. Wannan ya ɗebi kafaɗa, wancan ya ɗebi gwiwa, cikin ladabi, kowa na cewa sannu Iya. Tana ta ƙanƙancewa har Jazuli ya ɗauke ta a tafin hannu. Nan fa tsoro ya kama shi na gaske.

"Ɗan nan," ta ce da 'yar siririyar murya, "yanzu fa ni ake ci. Ka faɗa mana."

Ya yunƙura. Kalmar ta ƙi fitowa. Ya sake yunƙurawa, cokali na matsowa.

Ƙit, ƙit. Waya ce ke ƙara a ƙarƙashin matashi. Gari ya waye, zufa ta jiƙa shi sharkaf. Saƙo ne daga wata mai saye: tana son riga biyu, a bar mata a rabin kuɗi, a kuma kai mata har gida.

Jazuli ya tashi zaune. Ya rubuta mata, "Albarka." Ya tura, ya saki wata doguwar ajiyar zuciya.

Bai kai ga ajiye wayar ba amsa ta shigo: "Amin, na gode. Ga adireshina."