Dunduniyar Takalmin Inna

Tun da Inna ta kama hanyar ƙasa mai tsarki a ƙafa, tare da ƙanenta da wani ɗan ƙaramin ayari, mijinta bai taɓa neman a turo masa hoton fuskarta ba. Shi dai ƙasan takalminta yake so ya gani.

Gyaran takalma ne sana'arsa, a wata 'yar rumfa da ke bakin titi. Ciwon ƙugu ya daɗe da zaunar da shi a kan benci, don haka da Inna ta tashi cika alkawarin da ta yi wa Allah lokacin da ta warke daga doguwar jinya, abin da ya iya yi mata shi ne takalmi. Ya zaɓi fata mai laushi, ya ɗinke da basilla, ya sa masa ƙasan roba mai kauri. Duk garin da ayarin ya sauka, sai ƙanen nata, wanda yara ke kira Kawu, ya kifa takalman ya ɗauki hoto ya turo.

'Yarsu Auta, ma'aikaciyar jinya, ba da son ranta aka yi tafiyar ba. A gaban kowa ta faɗa cewa ranar da ta ji ƙafar Inna ta samu matsala, ranar za ta ɗauki mota ta je ta dawo da ita.

Wata safiya hoto ya shigo. Ya sa tabarau, ya buɗa hoton da yatsu biyu. Dunduniyar hagu ta cinye ta gefe ɗaya, ta dama kuwa kamar jiya aka sa ta. Inna tana ɗingishi ke nan, kuma ta yi shiru.

Da azahar Auta ta kawo masa abinci, ta ture gwangwanin gam ta zauna.

"Baba, yau me takalman suka ce? Ko sun gaishe ni?"

Ya so ya ce lafiya lau, amma bakinsa ya ƙi. Ya miƙa mata wayar, ya nuna mata wurin da farce. Ta miƙe tsaye.

"Zauna tukuna," in ji shi. "Mu ji ta bakinta."

Sai a kira na uku Kawu ya ɗauka. Ana jin iska da ƙarar manyan motoci, sannan muryar Inna ta fito, a shaƙe amma da fara'a.

"Maigida, an tashi lafiya? Ko wani ya kawo takalmin da ya fi ƙarfinka ne?"

"Naki ne ya fi ƙarfina. Me ya samu ƙafar hagu?"

"Kai, wannan mutum! Daga can ma ba za ka bar ni in yi ɗingishina a asirce ba?"

Auta ta karɓe wayar. "Inna, gwiwa ce? Ta kumbura? Gobe ina hanya."

"Ki zo ki ɗauki wa? Ni buhu ce?"

Kawu ne ya tona. Akwai wata tsohuwa a ayarin da ta kusa juyawa gida saboda jakarta ta yi mata nauyi. Inna ta karɓi jakar ta rataya a kafaɗar hagu, a kan tata, ta hana kowa magana don kada tsohuwar ta ji kunya. Tun garuruwa da yawa baya take tafe a karkace.

"Mun yi mun yi ta ba mu," in ji Kawu. "Kin san Yaya."

"Baiwar Allah ta fi ni shekaru, ta fi ni niyya," in ji Inna. "In ta koma, da wane ido zan isa?"

Uban yana kallon Auta. Ya san in ta ce mota, to mota ce, kuma ba zai ce ta yi laifi ba. Ta share ido da gefen mayafi, ta gyara murya irin ta wurin aiki.

"Kawu, danna mata gefen gwiwar. Da zafi? Ta lanƙwasa in ji." Ta saurara. "To. Ku raba kayan tsohuwar a jakunkunanku, kowa ya ɗauki kaɗan. A ɗaure gwiwar, a huta sai kumburin ya sauka. Inna, in kika tashi kafin nan, wallahi ina zuwa."

"Na ji, likita. Allah ya yi miki albarka."

Uban ya jawo wani guntun roba da wuƙa. "Kunna bidiyo, ki riƙe mini wayar daidai," ya ce wa Auta. "Kawunki bai iya yanka ba, sai na nuna masa a hankali yadda zai cike dunduniyar nan."