Katako na Biyu

Amalanken Ja'afaru kowa a unguwar Mansur ta Makka ya san shi, don tun kafin a gan shi ake jin ƙararsa. Ƙafa biyu gare shi, da rumfar tamfol da ake buɗewa ta zama ɗaki. Duk lokacin Hajji sai Ja'afaru ya ɗaura shi a bayan tsohuwar a-kori-kurarsa, ya kwashi tantunan muɗawwafin da yake wa aiki, wato mai kula da alhazai, zuwa Mina da Arfa. Aibinsa ɗaya ne, gajarta. Da an sauka daga kwalta an shiga hanyar duwatsu sai cikinsa ya riƙa gurzar ƙasa, har masu raƙuma su waiwayo suna dariya. Bara ma sai da dutse ya huda shi. Saboda haka da Ja'afaru ya ce bana zai ɗaga shi sama, ba wanda ya ga laifinsa.

Sai dai ba tantuna kaɗai amalanken ke ɗauka ba. Yana ɗaukar Inna.

Inna Hadijatu ita ta haifi Ja'afaru, a hanya ta haife shi, can ƙasar Sudan, tun suna tafe a ƙasa daga wajen Kano ita da marigayi mijinta. Tun da ta taka Makka tsayuwar Arfa ba ta taɓa wuce ta ba. Da ƙafa take zuwa, da gwiwa ta fara ciwo ta koma bayan jaki, da ɗanta ya yi mota ta koma amalanke. Gaban mota kam ba ta shiga, wai warin fetur na tayar mata da zuciya. Kan naɗaɗɗun tantuna take zama a ƙarƙashin rumfa, da butarta da ƙullin yajinta, kamar wadda aka naɗa sarautar hanyar. Kuma tana da magana ɗaya da duk unguwa ta haddace. A Sawakin, ranar da za su tsallako teku, ta ga ma'aikatan jirgi suna cicciɓar tsofaffi suna miƙawa sama kamar buhunan dawa, zani a kwance, kowa na kallo. Tun ranar ta ce ita ba za a yi mata haka ba. Ranar da ƙafarta ta kasa hawa amalanken nan daga ƙasa, to Allah ya sallame ta ke nan, kada wanda ya ɗaga ta, kada wanda ya kawo mata abin takawa.

Shekarun nan Hajji a tsakiyar zafi yake faɗowa. Bara, ana tsaka da tsayuwa, Inna ta yanke jiki ta faɗi, sai da aka yi ta kwara mata ruwa kafin ta buɗe ido. Ja'afaru ya tsorata ƙwarai, wannan gaskiya ne. Amma akwai wata gaskiyar da ba ya son tunawa: yinin ranar bai kafa tanti ko ɗaya ba, muɗawwafin kuma ya wanke shi tas da Larabci a gaban alhazai. Idan ya ce don lafiyar Inna yake so ta zauna a gida, sai wata murya ta tambaye shi, ko dai don lafiyar aikinka?

Matarsa Saudatu ta sha gaya masa ya je ya durƙusa ya roƙi Inna ta haƙura da zuwa bana. Ya kan tashi da niyya, ya isa bakin ɗakin Inna, ta ɗago ta ce, "Mai Mota, yaya?" don ba ta kiran sunansa, ɗan fari ne. Shi ke nan sai ya ɓuge da tambayarta ko gawayinta ya ƙare. Ƙato guda mai gemu, yana iya daka wa direban babbar mota tsawa a tashar Kudai, amma kalma uku, "Inna, ki zauna," sun fi ƙarfinsa a gaban tsohuwar da ba ta kai kafaɗarsa ba.

Dabarar ta zo masa wata safiya yana kallonta. Dakalin ƙofar gida tana hawansa, da ƙyar dai, ta dafa bango ta ce bismillah. Gadon igiyar da ke zaure kuwa, wanda ya ɗara dakalin kaɗan, ta daɗe da daina gwada shi. Da ta shige ciki sai ya duba hagu ya duba dama, ya durƙusa ya auna dakalin da taƙinsa, ya auna gadon, ya je ya auna bakin amalanken.

Wada maƙeri, wanda rumfarsa ke bayan masu sayar da fulawa, ya leƙa ƙarƙashin amalanken ya ce aikin ba wuya. Za a kwance notin da suka riƙe sifirin a kan ƙarfen ƙafafun, a cusa katako mai tauri a tsakani, shi kuma ya ƙera dogayen ƙarafa masu lanƙwasa da za su rungume su duka. Yana ma da katakon tsohon jirgin ruwa da aka kawo masa daga Jidda, wanda ko ƙusa ba ta shigarsa da daɗi. Ɗaya a kowane gefe, in ji shi, ya isa har ya yi yawa.

Ja'afaru ya ce bibbiyu yake so.

Wada ya ce bibbiyu zai sa amalanke ya riƙa rangaji in an sha kwana. Ja'afaru ya ce shi ya san hanyar Arfa, ba Wada ba. Maƙerin ya dube shi, ya dubi amalanken, ya ce, "Ɗayyib, shi ke nan. Naka ne." Amma mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Duk hanyar gida Ja'afaru ji yake kamar Wada ya leƙa cikinsa ya gani.

A ƙofar gida aka yi aikin, da hantsi, Inna na zaune a kan dakalinta tana tsintar shinkafa. Suka ɗaga amalanken da jak, suka tokare shi da duwatsu. Notin sun yi tsatsa, sai da aka zuba musu kananzir. Katako na farko ya shiga lafiya lau. Na biyun ya ƙi, sai da guduma, kuma kowane bugu Ja'afaru a ƙirjinsa yake jin sa. Da aka sauke, amalanken ya tsaya zanƙalele kamar ɗan raƙumi, maƙwabta suka taru suna ma sha Allah. Inna ta aje farantinta ta shiga ciki, ta fito da shayi a hannunta, ta ba Wada, ta ba ɗanta, ta ce Allah ya yi wa wannan hannu albarka. Ja'afaru ya kurɓa ya ji kamar ruwan maɗaci. Da zaginsa ta yi da ya fi masa sauƙi.

Saudatu ta leƙo ta ga tsayin abin, ta gane nan take. Da suka keɓe ta ce masa ya fake da guzuma ya harbi karsana, ita kuma ba ruwanta, kada ya sa ta a ciki. Ya ce ai ita ce mai cewa Inna ta zauna a gida. Ta ce ita baki ta ce ya buɗe, ba guduma ta ce ya ɗauka ba.

Kwanakin da suka rage Inna shiri take yi kamar kullum. Ta wanke fararen kayanta ta shanya, ta daka yaji har atishawa ta kori kowa daga tsakar gida, ta aika aka yi wa butarta sabon mariƙi. Tana yi tana ba Saudatu labarin wata Bazazzagiya da suke haɗuwa kowace shekara a gindin dutsen Arfa, wai bana za ta kai mata daddawa. Ja'afaru ya daina cin abinci a gida. Ya kan tsaya gaban amalanken da sifana a hannu, ya ce bari ya cire na saman kawai, aikin rabin yini ne. Sai ya tuna fuskarta a ƙasa bara, leɓe ya bushe, ido ya kafe. Sai ya mayar da sifanar. Haka ya yi ta yi har ranar fita Mina ta zo.

Da safe aka gama lodi. Unguwa ta cika da masu harami da masu talbiyya, motoci na ta hon a bakin titi. Inna ta fito cikin fararenta, ta miƙa wa Saudatu butar da ƙullin yajin da na daddawar, ta zagaya bayan amalanken inda ta saba hawa. Ta kama ƙarfen rumfa da hannu biyu, ta ce bismillah, ta ɗaga ƙafar dama. Yatsunta suka taɓa bakin katakon suka zame. Ta sake, wannan karon da ta hagu. Ta tsaya ta huta, ta ɗan tattare zaninta, ta sake, har jijiyar wuyanta ta fito. Matan da ke tsaye suka kawar da kai.

Saudatu ta ruga ciki ta gangaro da turmi. Inna ta ce ta mayar da shi inda ta ɗauko.

Nan Ja'afaru ya kasa jurewa. Bai san lokacin da ya zube ƙasa ba, hannu da gwiwa, cikin ƙura, a gaban kowa, ya miƙa mata bayansa.

"Inna, taka ki hau. Wannan ba ɗagawa ba ce. Don Allah ki taka."

Ta dube shi can ƙasa.

"Tashi, Mai Mota. Ban goya wannan bayan daga Sudan don in taka shi ba."

Ya tashi, gwiwoyinsa fari fat. Ya ce zai kira Wada yanzu a cire katakon, ba zai ɗauki lokaci ba. Ta ce alhazai na jiran inuwa, kada ya ci amanar mutane. Sannan ta sunkuya ta sa hannu a ƙarƙashin amalanken, ta shafa katakan, ta rage murya yadda shi kaɗai zai ji.

"Na ƙasan na hanya ne, na sani. Na saman nawa ne. Na gan ka ranar da kake auna dakali."

"Inna..."

"Da ka faɗa mini da baki, da na yi maka faɗa in huce. Halas, ya wuce. Ungo, ka kai wa Bazazzagiyar nan daddawarta, ka ce ina gaishe ta."

Ta karɓi ƙullin daddawar a hannun Saudatu ta ba shi, ta karɓi butarta, ta juya. A ƙofa ta dafa bango ta hau dakalinta, ta zauna, ta ɗora butar mai sabon mariƙi a cinya. Ta ɗaga masa hannu ta ce Allah ya kiyaye hanya.

Ya ja mota. Suka bar kwalta suka shiga duwatsu, ya kasa kunne kamar yadda ya saba. Ga ramin da ya huda amalanken bara, suka wuce shi sumul. Ga tudun da masu raƙuma ke yi masa dariya, nan ma shiru. Ya sa ƙafar amalanken cikin wani kwari da gangan, ko zai ji gurza ko sau ɗaya, ya samu abin da zai zarga. Aikin Wada ya yi kyau. Har suka isa Mina cikin amalanken bai taɓa ƙasa ba, ƙullin daddawar na kan kujera kusa da shi, warinta ya cika motar.